Hanyar Gishiri: Abubuwan da Idon Matafiyi Ba Ya Mantawa Tsakanin Agadas da Bilma

A kasuwannin dabbobi na ƙasar Hausa har gobe akan ga kantun gishiri a jingine, launinsa ƙasa-ƙasa, gindinsa da faɗi, kansa a tsuke. Makiyayi ya taya, a sallama masa, ya kai wa shanunsa su lasa. Ba kowa ke tsayawa ya tambayi inda kantun ya fito ba, alhali sunan da kakanninmu suka raɗa wa wannan gishiri, wato balma, ya riga ya ba da amsa. Daga Bilma yake, wani gari a arewa maso gabashin Nijar, kusan kilomita 600 gabas da Agadas, bayan an ƙetare hamadar Tenere.

Waɗanda suka bi wannan hanya iri-iri ne: Buzaye 'yan ayari, direbobin manyan motoci, sojoji, masu haƙar tarihi, da baƙi 'yan yawon buɗe ido. Amma idan hira ta yi hira, abubuwan da suke ambatawa kusan ɗaya ne. Hasumiya guda, lambun lemu a tsakanin baƙaƙen duwatsu, zanen raƙumin dawa a kan fa, itaciya tilo, taurarin dare, sai kuma layin dabino a ƙarshen tafiya. Da yawa daga cikinsu, da a tsakiyar birni suke, mai wucewa ba zai ko waiwaya ba. Hamada ce ke wanke ido. Takan hana mutum ganin komai na kwana da kwanaki, ta yadda duk abin da ta nuna masa daga baya sai ya zauna a zuciyarsa har tsufa.

Hasumiyar da ke tarbar baƙo

Mai tasowa daga Kano yakan bi ta Daura da Kwangwalam da Matamaye ya shiga Damagaram. Daga nan zuwa Agadas akwai tafiyar kusan kilomita 450, kuma a cikinta ƙasa take tuɓe kayanta ɗaya bayan ɗaya. Kuka ta fara ɓacewa. Bayan Tanut, a ƙasar Damargu, gonakin gero su ƙare. Aduwa da ƙaya su yi ta gajarta suna nisantar juna, garuruwa su koma rugage da rijiyoyi. A wuce Adarbisinat, a gangara daga gaɓar dutsen Tigidit, sai fili fetal, ba abin da ya fi raƙumi tsawo.

A irin wannan hali ne hasumiyar babban masallacin Agadas take bayyana. Tsawonta mita 27 ne. A Abuja ko Yamai wannan bai kai a yi magana ba, amma a nan, bayan yini guda ana kallon ƙasa shimfiɗe, sai ka ga kamar ita ce ta tokare sama. Da tubali da laka aka gina ta tun daga tushe har ƙoli. Jikinta duk itatuwa ne a tsattsaye kamar ƙayar bushiya. Su ne ke riƙe ginin, su ne kuma matakalar magina idan lokacin yaɓe ya zo. An gina masallacin wajen shekarar 1515, zamanin da Askiya Muhammadu na Songhai ya shimfiɗa ikonsa a garin, aka sake gina hasumiyar a 1844. Shekara shida bayan haka, a 1850, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a Agadas kafin ya wuce Kano. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya.

Aikin hasumiyar bai tsaya ga kiran salla ba. Daga samanta ake hango ƙurar mahara, kuma ita ayari ke hange ya san wahala ta zo ƙarshe. Wanda ya kutsa ta ƙuntatacciyar matakalarta ya hau sama da la'asar sakaliya zai ga gari ja wur a ƙarƙashinsa, rufin soraye a jere, fadar Sarkin Abzin a gefe, can arewa kuma duwatsu sun yi shuɗi-shuɗi. Ga Bahaushe, abin da ke ƙara wa wurin daɗi shi ne bai zo baƙon wuri ba. Hausa ake yi a kasuwa da cikin gida. A wannan gari Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana ɗalibta a hannun Malam Jibrilu ɗan Umaru, kuma a birnin Kano akwai unguwa sukutum mai suna Agadasawa.

Lemu a cikin duwatsu

Arewa da gari duwatsun Abzin suke farawa. Baƙaƙe ne, wasu kamar an ƙona su, wasu mulmulallu kamar an tara su da hannu. A tsaunin Bagzan ne ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, Idukal-n-Tagas, mai mita 2,022. Mota takan yi awoyi tana rarrafe cikin busassun ƙoramu, zafi na tashi daga dutse yana dukan fuska, har mutum ya fara tambayar kansa me ke zaunar da ɗan Adam a nan.

Amsar tana Timiya, fiye da kilomita 200 daga Agadas. Kana shan wata kwana sai kore ya mamaye ido gaba ɗaya. Dabino a sama, ƙarƙashinsa lemu da rumman da ɓaure da inabi, a ƙasa kuma fangalin alkama da albasa da tumatir. Ruwan daga rijiyoyin bakin ƙorama yake fitowa. Tun da, raƙumi ko sa ne ke jan igiyar guga, ya je ya dawo, ruwa ya zube cikin kwami ya bi 'yan hanyoyi zuwa kowane fangali; yanzu injin ban ruwa ya shigo, amma tsohuwar dabarar ba ta mutu ba. Kaɗan daga garin akwai inda ruwa ke zubowa daga tsagin dutse ya taru a wani tafki mai sanyi ƙarara. Wanda ya san magangarar ruwa ta Gurara ba zai kira shi babba ba. Sai dai wanda ya iso shi da busasshen maƙogwaro da ƙura har cikin kunne, ƙarar zubar ruwan kaɗai ta isa ta sa shi yin tasbihi.

Lokacin da dutse ke ba da labari

Kimanin kilomita 110 arewa da Agadas, kusa da hanyar Arlit, akwai wani tsibin duwatsu da ake kira Dabus. Daga ƙasa ba a ganin komai. Sai an hau, an tsaya a kan fa, sannan a ga raƙuman dawa biyu a sassaƙe a jikin dutse, babba da ƙarami. Babban ya kai mita 5.4, wato daidai girman mai rai. An fitar da kowane zane na fatarsa, da kunnuwa, da kofato, da lanƙwasar wuya. Daga bakin kowannensu wani siririn layi ya sauko zuwa ga ɗan ƙaramin mutum. Masana sun ƙiyasta shekarun aikin tsakanin 6,000 da 8,000, lokacin da babu ƙarfe; da dutse aka sassaƙa dutse. Wani Bafaranshe, Christian Dupuy, shi ya fara rubuta labarin zanen a 1987, ko da yake makiyayan wurin sun daɗe da saninsa. A kewaye akwai wasu zane-zane fiye da 800, na shanu da jiminu da barewa da mutane.

An fi son a gan shi da sassafe ko gab da faɗuwar rana, sa'ad da haske ke zuwa a kaikaice, inuwa ta cika kowane tsagi, dabbar ta yi kamar za ta miƙe. Daga nan sai mutum ya ɗaga kai ya dubi kewaye: ba ganye, ba ruwa. To me raƙumin dawa ya ci a nan? Wanda ya yi zanen bai ƙaga ba, abin da yake gani kullum ya sassaƙa. Sahara ta taɓa zama dausayi mai tafkuna da ciyawa. A yau ragowar wannan dabba a Afirka ta Yamma tana can kudu, wajen Kure kusa da Yamai, inda a 1996 aka ƙirga 49 kacal, kafin kulawa ta sa suka haura 600.

Shaidar da ta fi wannan ratsa jiki tana Gobero, a bakin Tenere. A shekarar 2000 ayarin Paul Sereno na Jami'ar Chicago, masu neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe tun kafin ɗan Adam, suka ci karo da wata maƙabarta a kan tudun rairayi. An gano kaburbura kusan 200 na mutanen da suka zauna a bakin wani tafki da ya ƙafe. An tono mashin kamun kifi na ƙashi, da ƙasusuwan giwan ruwa da kada da dorina. A wani kabari mai shekaru kusan 5,300 an tarar da mace da yara biyu kwance suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe, kuma ƙurar furanni da aka samu a ƙarƙashinsu ta nuna a kan furanni aka shimfiɗe su.

Itaciya tilo

Daga gabashin Abzin Tenere take farawa. A harshen Buzaye kalmar tana nufin daji wanda babu kowa babu komai, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Akwai wuraren da rairayi ke shimfiɗe sumul, duk inda ka juya sama ce ta haɗu da ƙasa. Akwai inda ya taru ya yi tuddai, kamar a Temet da Arakaw, inda jigawa mai ruwan zinariya ke hawa jikin baƙin dutse. A 1991 UNESCO ta sa gandun Abzin da Tenere, mai faɗin hekta miliyan 7.7, cikin wuraren gadon duniya.

A tsakiyar wannan fili, wajen kilomita 240 daga Agadas, wata itaciyar ƙaya ta taɓa tsayawa ita kaɗai, dangin bagaruwa, tsawonta 'yan mitoci. Ita ce ragowar kurmin da hamada ta cinye. Saboda kaɗaicinta har a manyan taswirori an sa mata alama, abin da akan yi wa gari. Da aka haƙa rijiya kusa da ita a hunturun 1938 zuwa 1939, sai aka tarar saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Duk ayarin da zai tafi Bilma a gindinta yake yada zango, duk mai dawowa kuma in ya hango ta ya san ya kusa gida.

A 1973 wata babbar mota ta buge ta ta faɗi. Aka ɗauko gawar itaciyar aka kai gidan tarihi na ƙasa a Yamai, inda take a ƙarƙashin rumfa har yau. A gurbinta an kafa wata ta ƙarfe. Matafiya na tsayawa su dube ta, kuma da yawa sukan ce ganin ƙarfen ya fi taɓa musu zuciya fiye da duk wani tsauni da suka wuce.

Dare a Tenere

Ayarin gishiri yakan tashi ne bayan damina, wajen Oktoba, lokacin da raƙuma suka ƙoshi kuma zafi ya fara sauka. A farkon ƙarni na 20 ayari guda yakan ƙunshi dubban raƙuma. Yau manyan motoci sun karɓe mafi yawan aikin, amma akwai gidajen Buzayen Abzin da ba su saki akala ba. Kafin tashi sai an yanki ciyawa an ɗaure dami-dami, domin babu abin kiwo a gaba; akan ajiye wani a hanya saboda dawowa, a kuma sa wa raƙuma takunkumi kada su cinye kayan na gabansu. Guzuri shi ne garin gero da dabino da cuku, a dama da ruwan salka a sha. Tun asuba ake tafiya har dare ya raba ba tsayawa, domin kowace sa'a ta jinkiri ruwa take ci. Ko shayi a tafe ake dafa shi, a ɗan murhun ƙarfe mai mariƙi da yaro ke lilo da shi, ana miƙa kofi daga raƙumi zuwa raƙumi.

Shugaban tafiyar, a bakin Buzaye ma, madugu ne. Kalmarmu ce ta tafi can ta zauna, shaidar daɗewar cuɗanya. Da rana inuwarsa da yadda iska ta rubuta rairayi su ne jagoransa. Da dare kuwa sama ce. Kaza da 'ya'yanta na ɓullowa daga gabas bayan magariba, daidai inda ayari ya dosa, a bayanta kuma tarin taurarin da Buzaye ke kira Amanar, ma'ana jagaba.

Wannan sama ita ce abin da kusan kowane matafiyi ke sa wa a gaba in an tambaye shi. Babu fitila ko ɗaya a nisan ɗaruruwan kilomita, babu danshi a iska, babu tudu ko bishiya da za ta tare gefe. Taurari sukan sauko har inda ƙasa ta ƙare, gaba da baya, dama da hagu, mutum ya ji kamar an kifa masa ƙwarya mai huji dubu. Farar hanyar nan da ta ratsa tsakiyar sama, wadda ɗan birni bai taɓa gani da kyau ba, takan fito fes kamar an watsa gari. Ga kuma shiru. Ba kukan gyare, ba haushin kare, ba motsin ganye. Abin da kunne ke ji sai numfashin raƙuma da bugun zuciyar mai sauraro. Sanyi na ratsa bargo, garwashi na mutuwa, kuma a nan ne mutum ke gane ƙanƙantarsa ba tare da wani ya yi masa wa'azi ba.

Layin dabino

Zangon farko mai mutane shi ne Faci, da tsohuwar ganuwarta da manyan rumbunan ƙasa da ake ɓoye hatsi a ciki saboda mahara. Daga nan sai a sake shiga tuddan rairayi na wasu kwanaki. Da tsakar rana kawalwalniya kan shimfiɗa tafkunan ƙarya a gaba, har ido ya daina yarda da abin da yake gani. Shi ya sa idan wani siririn baƙin layi ya bayyana a gabas, ba a saurin murna. Sai ya ƙi gushewa, ya yi kauri, ya rabu biyu: sama gaɓar dutsen Kawar ce, mai tsawon kusan kilomita 150 daga kudu zuwa arewa, ƙasa kuma kawunan dabino. Raƙuma kan riga mutane sani, su miƙa wuya su ƙara sauri.

Ruwan saman da ke sauka a Bilma a shekara bai kai milimita 20 ba, amma ƙarƙashin ƙasa akwai ruwa kusa, har yana ɓulɓulowa da kansa. Barebari da Tubawa ke zaune a nan. A Kalala, bayan gari, ramukan gishiri ne ɗaruruwa, kowanne da launinsa: wani ja kamar jini, wani ruwan goro, wani ɗorawa, wani fari tas. Rana ke ƙafar da ruwan, gishiri ya yi ɓawo a sama, a farfasa shi ya nutse, a kwashe. Mai tsabtar shi ne beza, na miya. Sauran a kwaɓa da ƙasa, a cusa a ƙwaƙulallen kututturen dabino, a kife a rana, ya zama kantu. Da gero ake musayarsa, da shi da dabino. Bayan ɗan hutu ayari ya juya Abzin, daga can ya gangaro kudu zuwa Damargu da ƙasar Hausa, inda raƙuma ke cin karan gonaki bayan girbi suna bar wa manomi taki. Haka gishirin Bilma da geron Hausa suka yi ɗaruruwan shekaru suna ciyar da juna.

Kyan da ke da haƙƙi

Ba daidai ba ne a yi maganar kyan wannan hamada a manta da waɗanda ta riƙe. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Mafi yawansu mata ne da ƙananan yara, da yawa daga yankin Kance a jihar Damagaram, Hausawa 'yan uwanmu da talauci ya koro. Taurarin da matafiyi ke yabo su ne suka kwana a kansu. Wanda ya san labarin uwar Gobero da 'ya'yanta biyu ba zai ji wannan ba tare da jikinsa ya yi sanyi ba: waccan ta samu masu shimfiɗa mata furanni, waɗannan kuwa sai bayan kwanaki aka kai gare su.

Su ma wuraren suna cikin hali. Tawayen Buzaye na 1990 zuwa 1995 ya sa tun 1992 aka saka gandun Abzin da Tenere cikin jerin wuraren da ke fuskantar haɗari. Rikicin 2007 zuwa 2009 da sace ma'aikata a Arlit a 2010 suka kori baƙi, jagorori da maƙeran azurfa na Agadas suka rasa abin yi. Gano zinariya a Jado a 2014 ya cika hamada da motoci. Ana farautar barewa, ana kwashe kayan tarihi daga kan rairayi ana sayarwa. Abin da ya fi ciwo shi ne, yaron Kano ko Maraɗi ya fi sanin hasumiyar Paris a hoto fiye da ta Agadas, wadda kakanninsa suka yi salla a ƙarƙashinta. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma sai hanya ta yi lafiya ake zuwa gani, kuma sai an ji labarin wuri ake marmarinsa. Na farko aikin hukumomi ne. Na biyu kuwa yana hannun malaman makaranta da marubuta da iyaye.

Akwai darasi a tarihin itaciyar nan tilo. Shekara da shekaru dubban mutane suna sauka a gindinta cikin sanyin hunturu, a wurin da babu ko tsinken hura wuta, da raƙuma masu yunwa. Wani jami'in Faransa da ya gan ta a 1939, Michel Lesourd, ya yi mamakin yadda ba wanda ya taɓa karya reshenta ya dafa shayi, ba wanda ya bar raƙuminsa ya ci ganyenta. Babu doka a rubuce, babu mai gadi. Kowane madugu dai ya san akwai ayarin da ke bayansa, wanda shi ma zai buƙaci ya hango ta. Raƙuman dawan Dabus, da lambunan Timiya, da kaburburan Gobero, da hasumiyar da ake sake yaɓewa da hannu, duk irin wannan amana suke jira daga gare mu, domin akwai masu tahowa a baya da ba su gani ba tukuna.